Ƙeyar Mai Aski

Zuwa ga Yaya Malama,

Gaisuwa da ladabi irin na ƙani, wanda kika ce har yau ban koya ba. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidan, da kyanwar nan taki da ta fi ni daraja a wurinki. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, da haƙorin Maman Tsigi da ya hana ta magana kwana biyu. Ban ce na ji daɗi ba, amma dai ban yi kuka ba.

Direba ya kawo saƙonki. Wai makarantar su Tsigi za ta baje zanen ɗalibai, kowa ya kawo abin da ya zana yana ƙarami a jera kusa da wanda ya zana yanzu, a ga yadda yaro ya girma. Kuma wai ni 'yata ta zana. Yaya, tun ranar da kika zo kika ɗauke min ita, kika ce shagon aski ba wurin renon 'ya mace ba ne, ban ji labarin da ya kai wannan daɗi daga gidanki ba. Na faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerata. Wani bawan Allah saje kawai ya zo gyarawa, ya tashi da labarin har ƙarshe da rabin gashin baki.

Tsofaffin zanen nata suna nan a bangon shago inda ta bar su. Akwai wanda na fi gidanmu tsawo, hannuwana kamar turakun lantarki, almakashin da na riƙe ya isa ya yanke hanya biyu. Akwai wanda bakina ya tashi daga kunne zuwa kunne, haƙora kamar shingen gona. Akwai wanda nake yi wa zaki aski, zakin yana dariya. Tela maƙwabcina ya ce tunkiya ce. Tela bai san zane ba.

Ke da kike cewa zane ɓata takarda ne, ga shi yau ɓata takarda ya kai mu bangon makaranta. Ni da na bar aji tun malamin bai gama rubuta sunana ba.

Kafin in aiko su, a ɗauko min hoton sabon zanen in gani. Na riga na share masa wuri saman madubi. Ki gaishe ta, ki ce Babanta ya ce ta ci abinci, kada ta koyi cin gidanku na tsuntsaye.

Ƙaninki,
Mai aski

*

Ƙanena,

Na samu takardarka, na kuma karanta abin da ya karantu. Muna lafiya. Allah ya ba matarka sauƙi, ka kai ta a duba haƙorin maimakon ka mai da shi abin raha.

Ga hoton a ciki. Ta baya ta zana ka, babu fuskarka a ciki. Malamin zanen ya ce duk ajin babu kamarsa. Ni ban san abin da ake dubawa ba, ban kuma sauya ra'ayi a kan zane ba. Yarinya mai ƙoƙarin lissafi irin nata bai kamata tana yini da fenti a farce ba. Amma tunda an fara, a gama da mutunci.

Ka aiko tsofaffin da wuri, kafin ƙarshen zango za a baje. Ka sa su a ambulan mai kauri, kada su zo da ƙanshin man gashi. Kuma ka rage surutu a kai. Ba kowane abu ne ake shela a shago ba.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Ina gaisuwa saboda an ce gaisuwa wajibi ce. Gwiwa tana nan. Haƙori ya warke, magana ta dawo da ribarta.

Takardarki ta iso shago cike. Da yake ni mai hankali ne, ban tsaya karanta ta ba, hoton na fara zarowa na ɗaga sama na ce jama'a ga aikin 'yata. Sai Tela ya karɓa ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "To ina kai ɗin?" Mai gyaran rediyo ya leƙo ya ce, "Ga shi nan mana, ba ka ga filin ƙwallon ba?"

Yaya, na san ina da ɗan sanƙo. Ina shafa shi kullum, a hannuna bai wuce bakin kofi ba. A zanen 'yata faranti ne, har da hasken fitila a kai. Kafaɗar dama ta haye sama, ta hagu ta zube kamar an rataya mata guga. Wuya ya yi ninki. Gumi ya zana taswira a riga. Ƙafa ɗaya ta fita daga silifas ta taka ɗaya. Wannan mutumin ba ya yi wa zaki aski, wannan ko akuya ta yi masa tsawa zai ba ta hanya. A madubin zanen ana ganin fuskar wanda ake yi wa askin, yana ta dariya. Tawa kuwa kansa ya rufe ta. Baƙo ya samu fuska, uba ya samu ƙeya.

Na ce ba ni ba ne. Tela ya ce, "Haba maigida, ko a kasuwa na hango wannan bayan zan kira sunanka." Aka yi dariya, ni ma na yi, don sana'ata ke nan. Amma ranar na yanki mutum a kunne, abin da rabona da shi tun ina koyo.

Yarinyar da ta bar gidan nan ta san fuskata. Shaida tana bango. Wadda ke gidanki ta manta ta, ko kuma tana jin kunyar a gan ta a makarantar 'ya'yan masu tabarau. Ba a cikin shagona ta koyi wannan ba. Tun muna yara kike kallona kamar tabon mai a farin zane, yanzu kin samu wadda za ta zana miki kallon ki rataye.

To ki ji. Tsofaffin zanen ba za su bar bangona ba. Ba za a jera su kusa da wannan abu mutane su zo suna cewa dubi yadda uban ya lalace ba. Ban yarda a baje ƙeyata ba. Kuma in zango ya ƙare zan zo in ɗauki 'yata. Akwai makaranta bayan tasha, ba a koyar da zane, ba a kuma koyar da raina uba. Gara min jaka mai gaishe ni da mai ilimi mai jin kunyata.

Mai aski

*

Yaya,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ko da yake na san ba ita ba ce. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Na gane. Takardar jahili ba ta cancanci amsa ba, sai dai a kunna murhu da ita.

Nan gida ma an sa min takunkumi. Maman Tsigi ta ɗauki hoton ta kai ɗaki ta jingina a kan akwati. Na ce me za ki yi da shi, ta ce, "Ni ai mijina na gani." Na ce mijinki ba shi da fuska? Ta ce, "Fuskar ta masu aski ce. Mu na gida da wannan ɓangaren muka saba." Kin ji irin matar da danginmu suka zaɓo min.

Shekaranjiya da rana babu kowa, na ɗauki ƙaramin madubin da nake nuna wa mutane ƙeyarsu da shi, na juya wa babban baya. Duk rayuwata ina riƙe wa mutane madubin nan ina cewa ya yi? Ban taɓa riƙe wa kaina ba. Ina cikin karkata wuya Tela ya shigo aron tsintsiya. Ya ɗauki tsintsiyar ya fita. Da ya yi dariya da ya fi min sauƙi.

Abin da na gani ba ruwanki da shi. Maganata tana nan yadda na faɗa. Ki sa Tsigi ta fara haɗa kayanta. In kuma kin ga ban isa ba, ki rubuto ki ce ban isa ba, in san a inda nake.

Mai aski

*

Ƙanena,

Ka yi fatan lafiya ce ta sa shiru. Ba ita ba ce. An yi min aikin ido, an cire yana, na kwana a asibiti na dawo da bandeji. Ban sanar da kai ba don ban so a ji labarin idona a shagon aski. Yanzu da sauƙi, ina rubutu kaɗan-kaɗan.

Da takardarka ta zo ba na gani. Wa kake tsammani ke karanta min takardu a gidan nan? Na ce Tsigi, ga ta Babanki, zo ki karanta mu sha dariya. Ta fara da murna. Da ta kai wurin faranti ta yi dariya. Daga nan muryar ta fara sauka. Na ce ta bari, ta ce a'a Gwaggo, ai ban gama ba. Ta karanta har jakar da ka fi so, ta ninke, ta sa min a hannu, ta tambaye ni ko zan sha magani. Ta biyun ma ita ta karanta.

Washegari ta je makaranta ta ɗauko zanen da kanta. Yana bayan ƙofar ɗakinta, fuskarsa na kallon bango. Malamin ya zo har gida, ta ce masa Babanta bai yarda ba, magana ta ƙare. Fentin da burushin ta ba 'yar maƙwabta. Akwatinta a ɗaure yake, daga ciki take zaro kayan makaranta kullum ta mayar. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daina waƙa in tana wanke-wanke, shi ke nan abin da zan iya gaya maka.

A kan zane ka yi min aikin da na kasa, sai in gode. A kan makaranta kuwa, in ka cire ta daga inda take ta ɗaya a lissafi don an nuna maka ƙeyarka, ba zan yafe maka ba har in mutu. Ka ce na koya mata raina ka. Da ina da wannan iko da tun tana goye na fara. Kai da ka yini kana ba'a da kan kowa, mai ƙeya kamar gatari, mai kunne kamar faifai, yau an taɓa naka ka tada ƙura. Dama an ce wanzami ba ya son jarfa.

Ka faɗi ranar da za ka zo, in sa a share maka hanya.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar da idon ya fi da, ko da yake na da ɗin ma bai taɓa kuskuren laifina ba. Maman Tsigi tana gaishe ki. Ni ba ta gaishe ni.

Wace irin babba ce za ta ga takarda daga hannuna ta miƙa wa yarinya? Kin san bakina tun ina da haƙoran nono. Ba maƙwabta a unguwarku? Ko kyanwar ce ai da ta fi rufa asiri. Wannan laifinki ne, kuma zan riƙe shi.

Na biyu laifin kafinta ne. Bari ki ji. Akwai benci a lungun shagon, bayan kujera, inda Tsigi ke zama in ta taso makaranta, tun ƙafarta ba ta kai ƙasa. A nan take aikin gida, a nan take barci, a nan ta zana zakin. Ni ban taɓa zama a kai ba, mai aski ba ya zama. Jiya na zauna. Na kira Tela na ce tsaya a bayan kujera kamar kana aski, mai gyaran rediyo ya zauna a matsayin kai. Na duƙa daidai tsawonta. Yaya, daga lungun nan ba a ganin komai sai baya. Madubin ma kan wanda ke zaune ne ke cika shi. Na ce Tela ya ba da labari ya yi dariya. Ya yi. Daga gaba dariya ce, daga benci kafaɗu ne kawai ke rawa kamar mai tari. Na daɗe a wurin har Tela ya ce, "In sauke hannun ko akwai kuɗin tsayuwa?"

To wa ya kafa benci a nan? Kafinta. Da ya sa shi a gefe da yanzu ina da fuska.

Abin da ban gane ba shi ne na da ɗin. Daga wannan bencin ta zana ni da haƙora kunne zuwa kunne, alhali ba ta ganin su. Ashe a ka take ɗauko su. Yanzu ta daina ɗaukowa a ka, ta koma duba abin da ke gabanta. Wannan ne girman da makarantar ke son nunawa? To an girma. Ita waccan mai zakin ta tafi ko sallama ba ta yi min ba, kuma ba a gidanki ta ɓata ba, na so a ce a can ne.

Zancen ambulan mai kauri kuwa, ki ajiye abinki. Da gam ɗin takalmi na manna su tun lokacin, don kada iskar fanka ta ɗauke. Na gwada ɓamɓare ɗaya da reza, kunnen zakin ya biyo ni. Sai na kira kafintan, tunda dama yana da laifi, ya cire falankin bangon gaba ɗaya. Yana saman motar Direba, an naɗe shi da bargon Maman Tsigi, a dawo mata da shi. Yanzu tsakanina da Tela babu bango. Ina aski yana ba ni shawara.

Ba zan zo ba. Ba don ke ba, gwiwa ce.

Tsigi, na san ke ke karantawa, don haka ki gyara murya. Ki kwance akwatin nan. Ki je ki karɓo burushinki wurin 'yar mutane, in ta hana ki ce Babanki na da reza. Ki juyo da mutumin nan daga bango, ya gaji da kallonsa, ki kai shi makaranta. Maganar jaka da na yi, da Gwaggonki nake, kuma ita ma ba jaka ba ce, ki karanta mata wannan wurin da ƙarfi. Kafaɗar kuwa kin faɗi gaskiya. Na duba.

Babanki, ƙaninki,
Mai aski

*

Ƙanena,

Muna lafiya, idon yana buɗewa. Kayanka sun iso ana gobe za a baje. Falankin bai shiga ƙofar gidana ba, ya kwana a waje kamar baƙon da ba a gayyata ba, kuma kusurwa ɗaya ta karye a hanya ta tafi da rabin wani gida da ta zana. Sauran yara sun kawo takardu a cikin jaka, 'yarka ta zo da bango a kan amalanke. Ƙanshin man gashi ya cika zauren makarantar.

Malamin ya jingina shi kusa da sabon. Mutane sukan tsaya a na farkon su yi dariya, su matsa gaba su daina. Wani dattijo ya daɗe a tsaye, ya ce babansa maƙeri ne, ya wuce. Ba ta ci kyauta ba, wani yaro mai jirgin sama ya ci. Ta kwance akwati. Ba ta ce in gaya maka komai ba, bargon dai ita ta wanke shi ta ninke.

Yanzu ga abin da ka jawo. Ta karɓo burushin, kuma ni ta sa a gaba. Jiya na shiga ɗakinta na gani. Daga ƙasa ta ɗauko ni, yadda take ganina in na tsaya a kanta ina duba littafinta: haɓa, ƙofofin hanci biyu kamar bakin rijiya, tabarau a can sama, da yatsa. Yatsan ya fi kan girma. Na ce wannan ba ni ba ce. Mai aikina ta leƙo ta ce, "Lah, Gwaggo." Malamin ya ce zango mai zuwa shi za a rataye a bakin zaure.

Ka rubuto mata ka hana. Kai ne ubanta, maganarka take ji.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Gaisuwa mai yawa, yau kam da zuciya ɗaya. Gwiwa ta yi sauƙi tun da na karanta takardarki. Na karanta wa Tela ta ramin bango, ya soke yatsa da allura.

Ashe aski ya zo gaban goshi. Ki daure, Yaya, nan ne ya fi zafi, kuma mai motsi shi ake yanka.

Ni jahili ne, ba na sa baki a harkar makaranta. A rataye. In ta gama a ɗauko min hotonsa, a wanke shi babba, iya girman da mai hoto zai iya. Ina da ramin da ke neman abin toshewa, kuma Tela na bukatar wanda zai riƙa nuna shi da yatsa.

Ƙaninki,
Mai aski